Ranar da Na Bar Aji Na Bi Jakin Baba

Na gaji da jin labarin nan a bakinku ba yadda ya faru ba. Duk sallah, da an gama cin abinci an baje a tsakar gida, sai ɗayanku ya tsokano shi, wai Inna ta taɓa barin aji a gaban ansifektan makarantu ta hau moto ta bi jaki. Ku yi ta dariya har da riƙe ciki, a ƙarshe ku ce ai kawunku Sani ne ya jawo, shi da son kuɗinsa. Bara da Nana ta faɗi haka a gaban 'ya'yansa na ga yadda babbar ta sunkuyar da kai, shi kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, ba shi da bakin kare kansa. To yanzu na ajiye aiki, ina da bik da takarda da lokaci, zan rubuta muku shi daga farko. Wanda ya sake ƙara masa gishiri bayan wannan, ni da shi ne.

A shekarar ina koyar da Ingilishi a kolej na Dungas, babanku kuma yana majo a likitar gari, shi ke duba marasa lafiya. Ku biyu ne a lokacin, Nana da Habibu. Kakanku, Babana, yana ƙauyenmu da ke kan hanyar Dogo-Dogo, a gidan Yaya Sani, tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Idanunsa sun riga sun tafi. Mun kai shi Damagaram, likitan ido ya ce jijiyar ce ta mutu, babu aikin da za a yi masa. Wani tsohon da haka ta same shi sai ya nemi tabarma da carbi ya zauna a zaure. Baba bai zauna ba. Yana da wani baƙin jaki da yake kira Duna, wanda ya raina tun yana ɗan ƙarami, kuma da wannan jakin ya ci gaba da rayuwarsa kamar ba abin da ya faru. Da safe ya hau, Duna ya kai shi gona, ya tsaya daidai gindin gawon da ke kan iyaka. Da rana ya dawo da shi. Ranar kasuwar Dungas kuwa su kamo hanya su biyu, tafiyar awa biyu da wani abu, sai dai in dawo daga lakwal, wato makaranta, in tarar da jaki a ɗaure a ƙofar gidana, Baba na ciki yana tambayar ko akwai fura.

Zan faɗa muku gaskiya, ba na son jakin nan. Ya cinye mini zogale sau uku. Yana cika ƙofar gida da kashi. Kukansa kuwa ba ya tashi sai lokacin da nake gyaran takardun yara ko ina da baƙi. Gidanmu yana jere da gidajen sauran malamai, kuma akwai wani mushe, wato malami, mai koyar da lissafi da ya laƙaba mini Madam Mai Jaki, sunan ya bi ni har cikin ɗakin malamai. Ni da na sha wahala na yi karatu, mace ɗaya tilo mai koyar da Ingilishi a duk yankin, ina ɗaukar kaina wata aba, sai a wayi gari ana kwatancen gidana da jaki. Na yi wa Baba magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Baba, ga 'yan kabu-kabu nan birjik. Ka hau moto, rabin awa ka iso, ni zan sallame su."

"Mai moto ya san ni?"

"Ai ba sai ya san ka ba, kai kawai zai yi."

"To shi ne. A kan moto ni kaya ne, an ɗauko an ajiye. A kan Duna ni ne matafiyin. In ya rage tafiya na san mun shiga yashin kwari. In ya karkata hagu na san mun zo rijiyar Fulani. Ke kina da idanu biyu, faɗa mini itace nawa ne tsakanin nan da gida."

Ban sani ba, kuma rashin sanin ya ƙara mini haushi.

Bayan an gama girbi, diraktanmu ya kira ni ofis ya ce za a zaɓi malamin Ingilishi ɗaya daga yankinmu a kai shi Damagaram horo, in ya gama ya zama mai duba sauran malamai yana ba su shawara. Mu biyu aka sa a gaba, ni da wani malami daga Magarya. Ansifekta zai zo ya zauna a ajin kowa ya ga darasi, bayan nan ya yi masa tambayoyi, sannan ya rubuta wanda ya fi. Ban taɓa son wani abu a aikin nan kamar yadda na so wannan ba. Damagaram na nufin lakwal mai kyau gare ku, da gida mai famfo, da ni in daina haɗiyar ƙurar alli. Darasin da ya faɗo a makon kuwa shi ne na dabbobi. Rabinsa na farko a kan yadda masu Ingilishi ke sa dabbobi a maganarsu ta yau da kullum, rabi na biyu a kan dabbobin da ke taimakon mutane. Na ce wannan ai nawa ne. Na samo kwalaye a wajen mai shago, na yanka, na zauna kwana huɗu ina zana dabbobi da fenti: kyanwa, kare, doki, tunkiya, jaki. Ranar kasuwa da yamma na shanya su a tsakar gida, na tsaya ina gwada darasin da ƙarfi kamar ina gaban aji. Baba na kan tabarma da kwanon furarsa. Da na san abin da zai biyo baya da na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

"Rakiya, me kike ta yi wa kaji wa'azi da yaren Nasara?"

"Darasi nake shiryawa, Baba."

"Fassara mini. Ni ma ɗalibi ne."

Na ce masa idan ruwan sama ya yi ƙarfi sosai, su sai su ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka. Ya ajiye ludayi.

"Allah ya raba mu da irin daminarsu. Gero na yi a ƙasar kuwa?"

"Magana ce kawai, Baba, ba wai da gaske ba."

"Na ji. Ci gaba."

Na ce wanda ya tona asiri, sai su ce ya saki kyanwa daga buhu. Ya ce wanda ya sa ta a buhun shi ya kamata a tuhuma. Na ce wanda ya fita daban a cikin dangi, ba ya jin magana, sai su kira shi baƙar tunkiya. Ya ce baƙar tunkiya ta fi fara jure rana, kowa ya sani. Na ce mai ci da yawa suna cewa yana ci kamar doki. A kan wannan bai yi musu ba, ya ce ashe sun san Sani. Ni dai ina ta kallon rana tana faɗuwa, ban gwada ko rabin darasina ba. Sai na zo kan jaki, kuma maimakon in tsallake, bakina ya kai ni. Na ce aikin wahala wanda ba ya buƙatar tunani, shi suke kira aikin jaki.

"Wa ya gaya musu ba ya buƙatar tunani?"

"Baba, ai mu ma nan in mutum ya yi wauta jaki muke ce masa."

"Waɗanda ba su da jaki ke faɗa. Ranar da ruwa ya cinye hanyar kwari, wa ya tsaya ya ƙi shiga? Na doke shi, na zage shi, ya ƙi. Ashe gaɓar ta zabtare. Shi ya yi tunani ranar, ni na yi aikin jakin. Wannan za ki koya wa 'ya'yan mutane?"

"Abin da ke cikin littafi zan koya musu."

"Babu wani na kirki a kansa?"

Na duba, na ce in an daɗe ba a ga mutum ba suna cewa an yi shekarun jaki, don jaki na da tsawon rai. Ya gyaɗa kai ya ce nan sun yi gaskiya. Na ce mai yawan surutu kuma, suna cewa zai iya yi wa jaki magana har ƙafafunsa na baya su zube. Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi, ya ce wannan ni suka gani suka faɗa. Da na zo rabi na biyu na gaya masa a can ana horar da karnuka su riƙa jan makafi, su tsallaka da su titi, su kai su kanti su dawo da su, sai ya ce:

"Kare?"

"Kare, Baba."

"To Allah ya saka wa karen. Amma ki gaya wa yaranki ba sai sun je ƙasar Nasara ba. Su leƙo ƙofar gidanki."

Na ce a raina, abin da ya rage ke nan, in kai jakin Baba gaban ansifekta. Na shiga madafa in duba tuwo. Ban fi minti goma ba na ji Nana na ihu. Na fito na tarar Duna ya kwance igiyarsa, ya turo ƙyaure ya shigo, yana tsaye a tsakiyar kwalayena. Ya cinye kare gaba ɗaya. Ya ci rabin doki. Kyanwa na bakinsa yana taunawa a hankali yana kallona. Aikin kwana huɗu, saura kwana biyu ansifekta ya zo. Baba da ya ji abin da ya faru cewa ya yi wai kwalin sabulu ne, gishirin jiki yake nema, kada in ɗauka da wata manufa. Na jira har suka kama hanya, na ɗauki salula na kira Yaya Sani.

Nan ne wurin da ba ku sani ba, ku karanta da kyau. Tun damina Yaya Sani ke damuna a kan jakin nan, kuma ba don kuɗi ba. Baba ya taɓa faɗowa daga kansa a bakin rijiya ya fasa goshi, aka kawo shi gida jina-jina. Mutanen gari suka yi ta magana, wai Sani ya saki makahon uba yana yawo a daji shi kaɗai. Abin ya ci masa rai. Ga shi a lokacin masu sayen jakai don fatarsu sun cika kasuwannin bakin iyaka, ana ta satar jakai, yana tsoron wata rana a tare Baba a hanya a ture shi a tafi da dabbar. Sau da yawa yana cewa a sayar Baba ya zauna a gida, ni ce nake cewa a bari tukuna. Ranar nan kuwa ko gaisuwa ban gama ba.

"Yaya, ka sayar da jakin nan mu huta."

"Rakiya, lafiya? Me ya yi?"

"Na ce ka sayar."

"Kin tabbata? Kada gobe tsoho ya tashi hankali ki ce ba ki ce ba."

"Na ce ka sayar, Yaya. Ni zan yi masa bayani."

Na kashe waya, na nemo wasu kwalayen, na koma zane. Wallahi kafin gari ya waye na manta na yi maganar. Na faɗe ta ne kamar yadda mutum ke cewa zai kashe yaro in ya fasa masa tulu. Shi kuwa Yaya Sani ya ɗauke ta da gaske, tun da abin da yake jira ke nan.

Ranar darasin ta zo daidai da ranar kasuwar Mallawa. Babanku ya tafi Magarya ɗauko magunguna tun da sassafe. Na sa atamfata mai kyau, na shiga aji da ƙarfe tara. Ansifekta, wani dogon mutum mai farin tabarau, ya zauna a bencin baya da kayensa, littafin da yake rubutu a ciki, dirakta na gefensa. Darasi ya tafi yadda ban taɓa zato ba. Yara suka yi ta ɗaga hannu. Da na ɗaga hoton kyanwa da kare a ƙarƙashin hadari, aji ya fashe da dariya, wata yarinya ta haɗa jimla daidai ba kuskure, na ga ansifekta ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Na gama rabin farko, na liƙa hoton makaho da karensa a allo, na juyo zan yi tambaya, sai na ji ana kiran sunana daga filin lakwal. Ba Madam ba. Sunana na yanka, da muryar da na sani tun ina cikin zani.

"Rakiya! Ina Rakiya take?"

Kafin in motsa ya iso ƙofar aji, yana bin muryata da sanda. Babu hula a kansa. Ƙafafunsa duk ƙaya da jini, rigarsa ta yage a kafaɗa. Daga baya na ji cewa da ya fito da safe ya laluba turke ya ji wayam, matar Yaya ta gaya masa gaskiya, sai ya kamo hanya da ƙafa, ya faɗa cikin sarƙaƙiya sau biyu, har wani mai amalanken shanu da ke kawo gyaɗa ya tsince shi ya ƙaraso da shi. Bai ɗaga murya ba.

"Sani ya tafi da Duna Mallawa. An ce ke kika ce a sayar."

Ya juyo fuskarsa wajena ya sake tambaya.

"Ke kika ce?"

"Ni na ce, Baba."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dafa bango ya zauna a dokin ƙofa, ya ajiye sandarsa a kan cinya, ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, masu fata ba sa wuce azahar suke loda motoci. Dirakta ya taso ya zo kusa da ni yana raɗa mini cewa saura minti ashirin darasi, tambayoyi kuma awa ɗaya ko biyu, in daure, zai sa a ba tsoho ruwa. Na fita baranda na kira Yaya Sani, wayarsa a kashe. Na kira babanku, ya ce ko yanzu ya taso daga Magarya ba zai kai ba. Na dawo na tsaya tsakanin allo da ƙofa, ina jin haushin kowa. Haushin Baba da ya rasa ranar zuwa sai yau, haushin Yaya da ya rasa maganata da zai ji sai wannan, haushin jaki, haushin Turawan da suka rasa abin sa wa a littafi sai makaho da kare. Ga hoton a allo, ga nawa makahon a ƙasa yana cire ƙaya daga tafin ƙafa da farce. Na ajiye alli. Na je wajen ansifekta na gaya masa da Faransanci cewa mahaifina ne, kuma dole in fita. Mutumin kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya cire tabarau ya ce:

"Madam, na ga abin da ya faru. Amma gobe da safe nake miƙa rahoto, kuma abin da na gani shi zan rubuta. In kin fita, darasi bai ƙare ba."

Na ce na sani. Na ɗauki mayafina.

Na so in bar Baba a gida in tafi ni kaɗai, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya je. Haka muka hau moto ɗaya mu uku, mai kabu-kabu a gaba, Baba a tsakiya, ni a baya na riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe atamfata. Mutumin da ya ƙi moto shekara da shekaru, ranar shi ke ce wa mai tuƙi ya ƙara wuta. Yashi ya kayar da mu sau ɗaya, takalmina ya tsinke, na ƙarasa da ƙafa ɗaya a takalmi. Muka isa Mallawa rana ta take tsaka. Da na ga kasuwar dabbobi na gode wa Allah da taurin kan Baba, don da ni kaɗai na zo da na koma hannu wofi. Jakai ne iya ganinka, an ɗaure su ƙafa da ƙafa, baƙaƙe a cikinsu sun fi a ƙirga. Shekara nawa jakin nan na zuwa ƙofar gidana, amma ban san wata alama tasa ko ɗaya ba. Ban taɓa kallonsa ba sai don in kore shi. Maza suna ta kallona, mace da atamfa da takalmi ɗaya tana jan makaho a tsakiyar dillalai, wani har yana tambaya ko hajiya jaki za ta saya.

Baba ya ce in kai shi wajen motoci. Akwai manyan motoci biyu a ƙarshen fili, an jingina katako ana tura jakai sama da duka. Ya saki hannuna ya tsaya. Bai kira suna ba, wani ɗan sauti ya yi da harshe, sau biyu, irin wanda na sha ji da safe ban taɓa kula ba. Babu abin da ya faru. Ya matsa gaba ya sake yi. Sai wani jaki daga cikin waɗanda ke layin hawa mota ya ɗaga kai ya ɓarke da kuka, kukan nan dai da ya hana ni gyaran takardu shekara da shekaru, ya fizge har ya kayar da mai riƙe da shi. Baba ya bi kukan ya laluba wuyansa, ya shafa kunnuwansa, ya duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu. An riga an shafa masa jan fenti a gadon baya.

Mai sayen ya ce ciniki ya faɗa, shi ba ya mayar da kaya. Dillali ya ce shi ba ruwansa. Ana cikin haka aka nemo Yaya Sani a rumfar masu shayi, ya zo ya ga Baba da ƙafafu jina-jina, na ga fuskarsa ta canza. Ya juyo kaina a gaban mutane.

"Ba na tambaye ki ba? Ban ce kin tabbata ba?"

"Ka tambaye ni, Yaya."

"To gaya musu! Gaya wa Baba!"

"Na gaya masa."

Muka yi ta fama da mai sayen kusan awa guda. Ni na yi magana, Yaya ya yi, wasu dattawa suka sa baki. Baba kuwa ya rungume wuyan jakin ya tsaya a gindin katakon, ya tare hanya, babu jakin da zai hau mota sai an ɗauke shi. Direba na ta danna oda. A ƙarshe mutumin ya gaji, ya karɓi kuɗinsa daga hannun Yaya yana ta masifa, ya ce mu kwashe tsohonmu da tsohon jakinmu mu ba shi wuri. Na ce Baba ya hau moto, Yaya ya koro jakin daga baya. Baba ya ƙi. Ya dafa ya hau Duna, ya yi sautin nan da harshe, suka juya. Yaya Sani ya bi su a ƙasa, duk tsawon hanyar nan, bai yarda ya hau komai ba. Wannan shi ne kawun da kuke cewa mai son kuɗi.

Na koma Dungas bayan la'asar. Ansifekta ya tafi. Hotunana na nan liƙe a allo, wani ya share kwanan wata. Malamin Magarya aka ɗauka, kuma bayan shekara biyu shi ya zo ya zauna a bencin bayan ajina da kaye yana gaya mini yadda ake riƙe alli. Damar ba ta sake zuwa ba. A aji na tsufa, a Dungas kuka yi karatu, famfo kuwa sai da Habibu ya fara aiki ya ja mana. Kada wani ya ce muku ban ji zafi ba. Na yi wata guda ba na son a ambaci Damagaram a gabana, kuma da Baba ya ci gaba da zuwa ranar kasuwa kamar ba abin da ya faru, ko sannu bai ce mini ba, sai in ajiye masa fura in shige ɗaki.

Babanku ne ya kasa haƙuri. Wata ranar kasuwa ya zauna da shi a zaure ya warware masa komai, ko wane ne mutumin da ke bencin baya, da abin da ya zo yi, da abin da na rasa. Ina tankaɗe a tsakar gida Baba ya shigo yana laluben bango, ya tsaya a kaina.

"Rakiya, ashe jarrabawa kike ranar?"

"Ta wuce, Baba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ina zaune kina ta karanta mini kyanwa da kare, ba ki ce mini aikinki ne a kai ba."

Gaskiyar ita ce ban taɓa tunanin gaya masa ba, na ɗauka ba zai gane ba.

"Da na sani da na zauna a waje na jira ki gama."

Nan haushin wata guda ya taso mini gaba ɗaya. Na ajiye rariya na ce yanzu yake faɗa? Da ya jira ai da an loda jakin, da yanzu an yi ganga da fatarsa. Ya ce haka ne. Ya sake cewa haka ne. Sai ya juya ya fita. Na ɗauka fushi ya yi, na ci gaba da tankaɗe, sai na ji Nana na cewa Inna, Kaka na kwance jaki. Na fita da gari a hannu na tarar har ya hau, furarsa ko taɓawa bai yi ba.

"Baba, ina za ka da rana tsaka?"

"Wajen mutumin nan mai tabarau. Ni na ɓata, ni zan ba shi haƙuri. In ya ga tsoho ya zo da kansa zai sake zama ya ji darasin."

"Baba, yana Damagaram. Tafiyar kwana uku ce ko huɗu a kan jaki. Kuma an riga an ba wani."

"Duna bai san hanyar ba, shi ne kawai. Ki juya mana kansa wajen, sauran ma tambaya."

Na riƙe igiyar, shi yana ja, ni ina ja, jakin na tsaye a tsakaninmu yana kaɗa kunne. Mushen lissafi ya leƙo ta katanga yana kallo, ban ko damu ba. Na ce Baba ka sauka don girman Allah. Ya ce sai na nuna masa arewa. Muka yi ta yi har na ji dariya na neman ƙwace mini, hawaye kuma na zuba a kan garin da ke hannuna. Da ya ji muryata ta canza sai ya saki igiyar. Ya miƙo hannu yana neman kaina, ya same shi, ya dafa, ya sauko a hankali.

"To shi ke nan," in ji shi. "Ɗaure shi a inuwa. Ki ba shi ruwa kafin ki ba ni."

Na kai shi inuwa na ɗaure, na ɗebo ruwa a bokitin wankina na ajiye masa, na tsaya har ya shanye.